Kawuna Mai Tsaron Jarrabawa

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, na shimfiɗa tabarmi huɗu a ƙofar gidansa na ce sun isa. A lissafina dattijo ne da ya ajiye aikin koyarwa tun tuni, ba mota, ba sarauta, a gidan ƙasa ya zauna har ya koma ga Mahaliccinsa. Wa zai zo ban da dangi da 'yan unguwa? Kafin a kwana biyu sai da muka aro tabarmin masallaci, muka aro na maƙwabta, wasu suka cire takalmansu suka zauna a kai. Motocin haya daga Anka da Bukkuyum suna ta sauke mutane a bakin layinmu na Gummi, 'yan kabu-kabu suna kawo wasu. Yawancinsu furfura ta fara kama su, kuma duk wanda ya gama addu'a ya shafa, magana ɗaya ce a bakinsa: "Ai shi yat tsare mu jarrabawa."

Akwai wani ƙaton ɗan kasuwa da babbar riga mai aiki, wanda kukansa ya fi na 'ya'yan mamacin. Na matsa kusa da shi ina ba shi haƙuri, na ɗauka ko Kawu ya taɓa yi masa wani babban alheri ne. Ya share hawaye da hannun riga ya ce, "Ni ya kama da takarda cikin hula, ranar tarihi. Shekara goma ban gaishe shi ba, in na hango shi sai in sake hanya." Na ce to, kukan na mene ne? Ya ce, "Tun da nike, shi kaɗai na ya dubi idona ya ce min ƙarya ni kai, kuma bai ji tsorona ba, bai ji tsoron ubana ba."

Can gefe kuma, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wani tsoho ne tsaye da hularsa a hannu. Kirista ne daga kudu, ya zo koyar da kimiyya yana saurayi, ya tsufa a nan, Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Ya bi mu har maƙabarta ya tsaya daga nesa, kuma duk kwanakin zaman makoki shi ne farkon zuwa. A cikin gida Inna, wato mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na shiga gaishe ta sai ta dube ni ta ce, "Mai taurin kai ya tahi. Yanzu wa za shi hana mu abin da munka ga dama?"

Maganar ta soke ni, don ni ta fi shafa. Hira ta ƙarshe da na yi da Kawu faɗa ne, a kan ɗiyata ta fari. Burinta ta shiga makarantar koyon jinya, lissafi ya kayar da ita a jarrabawar fita sakandare, ni kuma na riga na shirya kai ta inda ake rubuta wa yara amsa. Ya rasu ban janye shirin ba, ban kuma nemi gafararsa yana cikin hayyacinsa ba, ga ranar rufe rajista tana matsowa. Da wannan nauyin na zauna karɓar gaisuwa. Na jinkirta rubuta wannan har sai da na ga ƙarshen maganar, don kada in yabi mutum da baki alhali aikina yana ƙaryata ni.

Ga wanda bai san aikin ba, mai tsaron jarrabawa ba malamin makarantar ba ne. Daga wata makaranta ake turo shi, shi ne idon hukuma. A zamanin su Kawu takardun tambaya a kulle suke kwana a ofishin 'yan sanda, kowace safiya ya je ya sa hannu a ba shi jakar ranar kaɗai. In ya shiga zauren jarrabawa ba ya buɗe ambulan sai ya kira ɗalibai biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga baya, su juya ta, su duba hatimi, su faɗa da ƙarfi cewa ba a taɓa ta ba. Sannan ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. Waɗanda suka zauna a gabansa sun ce daga wannan lokacin ko tari mutum zai yi sai ya yi shawara da zuciyarsa.

Tsohon malamin kimiyyar nan ne ya ba mu labarin gulbi, ranar addu'ar uku. Wata shekara damina ta faɗi da wuri, aka tura su biyu wata makaranta da ke ƙetare. Suka iso bakin ruwa da sassafe suka tarar ya cika ya rufe hanya, sai a jirgi. Mai jirgin ya ce a ajiye jakar a ƙasa kusa da ƙafarsa. Kawu ya ƙi. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure jakar a kansa tam, ya ɗaura igiyarta a wuyan hannu. Suna tsakiyar ruwa jirgin ya fara sha, mai jirgi yana tuƙi yana kwarfa da ƙwarya.

"Ni na iya ruwa, shi bai iya ba," in ji tsohon. "Ina ta addu'a irin tamu, shi kuma shina irin tasu. Sai ya juyo ya ce min, 'In munka kihe, kada ka kama ni. Jikka za ka kama, akwai yara suna jira.' Na ce, 'Malam, kai fa?' Ya ce, 'Ni na riga na yi tawa jarrabawa.'"

Allah ya sa ba su kife ba, amma kusa da gaɓa jirgin ya zauna, suka ƙarasa da ƙafa ruwa har ƙirji. Jakar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Suka isa makaranta saura 'yan mintoci, shugaban makaranta ya kawo masa busasshiyar riga ya ce ya sauya, Kawu ya yi godiya ya ƙi karɓa. A tsaye ya yi tsaron, ruwa yana ɗiga daga rigarsa, yana kai da komo tsakanin layuka yana barin sawu a siminti. Tsohon ya ce shi dai tun daga ranar ya daina kiransa da suna.

Ƙin karɓar rigar nan ba sabon abu ba ne a wurinsa. Muddin ana jarrabawa, Kawu ba ya cin komai a garin da aka tura shi, ko ruwan randarsu ba ya sha. Gorar furarsa da 'yan dabino yake ratayawa a babur daga gida. Matan shugabannin makaranta sun sha soya kaji a mayar musu da kwanonsu a rufe, har wasu suka riƙa cewa girman kai ne. Na taɓa tambayarsa ina yaro, na ce Kawu, kaza fa? Ya ce, "In na ci kazarsu yau, gobe na ga ɗansu da takarda, kazar nan za ta tsaya min a wuya in kasa magana. Gara in sha hurata." In an gama jarrabawa kuwa, kowa ya gayyace shi zai je, ya ci ya siɗe hannu, har ya nemi ƙari. Mutum ne mai son nama ƙwarai, wannan ya sa na san ba ƙaramin abu yake bari ba.

Faɗansa da Inna a kaina aka yi. Shekarar da zan fita sakandare, sai ga shi makarantarmu aka tura shi tsaro. Inna ta yi murna har da guɗa, ni ma na fara tafiya ina buɗa kafaɗa a cikin 'yan ajinmu. Ashe ranar da takardar ta iso hannunsa ya rubuta ya ce a sauya masa wuri, yana da ɗa a can. Inna ta yafa mayafi ta tafi gidansa, ina biye da ita.

Ta ce, "Yaya, ɗan ƙanwarka guda, ka guje mai? Mi yay yi ma?"

Ya ce, "Ba shi ni ka gudu ba. Ke ni ka gudu."

Ta ce, "Ni na ce ka rubuta mai? Ka dai tsaya shi ga huskarka, hankalinai shi kwanta."

Ya ce, "Yau huska, gobe ki ce in ɗan kau da ido. Na san ki tun kina goye."

Sallar shekarar nan Inna ba ta aika masa da tuwo ba, shi kuwa ya zo da kansa ya zauna a zaure ya ce ba zai tashi ba sai an kawo. Wanda aka turo mana a madadinsa ya fi shi ɗaure fuska. Muka rubuta abin da muka sani, muka koma gona muna jira. A lokacin sakamako sai ya yi watanni, har mutum ya manta abin da ya rubuta. Ranar da aka ce ya fito, keke na hau zuwa makaranta, aka liƙa a allon ofis, muna turereniya kowa yana bin lambarsa da yatsa. Turanci ya yi ƙasa da ni, sauran ma da ƙyar. Daga nan na kama harkar shinkafa, yau ina da injin casa, alhamdu lillahi. Har kwanan baya Inna takan ce da Yaya ya tsaya da yanzu ni likita ne. Shi kuma ya ce, "Da yanzu an ƙara wa maƙabarta hili."

Kada wani ya ɗauka ba shi da tausayi. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo daga Anka ta ba matan gida labarinta, uwar ɗiyata ta kawo mini. Ana tsakiyar jarrabawarsu ciwon ciki ya kama ta, aka yi mata aiki a asibiti, saura takardu biyu. Kowa ya ce sai baɗi, ita kuwa ta san in ta bari ba lalle a sake biya mata ba. Kawu ya hau babur ya je ya nemo izini a rubuce, aka sa wani a zaure, shi ya ɗauki takarda ɗaya ya kai mata har gadon asibiti. Ya sa aka fitar da 'yan jinya, ya kira ma'aikata biyu suka shaida hatimi, ya ajiye agogo a kan kujera. Da lokaci ya cika tana tsakiyar jimla ya zare takardar daga hannunta. Ta ce ta roƙe shi da hawaye ya bar ta ta ƙarasa layin, ya ce a'a, na zaure ba a ƙara musu ba. Sai da ya liƙe ambulan ya sa hannu, sannan ya fita ya sayo mata lemo, ya zauna yana ɓare mata yana tsokanarta wai rubutunta a kwance ya fi na zaune kyau.

Yanzu kuwa abubuwa sun sauya, kuma ba zan yi ƙarya in ce duk sun lalace ba. A ajinmu mata ba su kai a ƙirga da hannu biyu ba, yau sun cika zaure. Sakamakon da muke jira har a yi girbi, yanzu a waya ake dubawa mutum yana zaune a ɗakin uwarsa. Littafin lissafin ɗiyata na buɗe wata rana don in nuna mata ni ma na yi boko, na rufe shi a hankali na ce ina da aiki a inji. Amma ga ɗaya gefen. Tun kafin gari ya waye tambayoyi suna yawo a wayoyi, wasu na gaske wasu na 'yan damfara. An san makarantun da in ka kai ɗanka ana taimako, haka ake kiran abin, taimako, kamar wani aikin lada. Kuma ba yara ne ke neman wuraren ba, mu ne.

Kawu bai taɓa yarda a ce yaran yanzu daƙiƙai ne ba. In tsofaffin abokansa suka fara wannan hira a majalisa sai ya katse su, ya ce, "Yara ba su canza ba. A da ma akwai masu sa takarda cikin hula. Bambanci shi na, a da in munka kama yaro ubanai kunya shika ji, yanzu uban ad da takardar." Da aka fara jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta, ya sa ɗiyata ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, yana ta jinjina kai. Da ta gama ya ce abin ya burge shi, ko ba komai kwamfuta ba ta da ɗan ƙanwa. Inna tana wurin, ta jefe shi da mafici.

Da lissafi ya kayar da ɗiyata bara, kwana biyu ba ta ci abinci ba. Yarinya ce mai ƙoƙari, sauran darussa duk ta samu, wannan ɗaya ne ya tare ƙofa. Ƙawayenta da na san ba su kai ta ba suka wuce, ina gani. Sai wani ɗan ajinmu na da ya same ni a inji, ya ce me zai sa in bar yarinya tana kuka? Akwai wata makaranta can wani ƙauye, shi ke haɗa rajista, in kawo hotunanta kawai, kiredit kamar yana aljihuna. Ban yi dogon tunani ba na ba shi. Na gaya wa Inna, Inna kuwa ba ta iya riƙe magana in dai yayanta ne, duk faɗan da suke yi.

Washegari da hantsi ina cikin ƙura da ƙarar inji, sai na ga ma'aikatana suna zubewa suna gaisuwa. Kawu ne, da ƙafa ya zo, yana dogara sanda. Ya yi mini nuni in kashe injin. Na kashe, wuri ya yi shiru, mata masu jiran casa duk suka juyo.

Ya ce, "An ce za ka sai ma amaryata takarda." Haka yake kiranta, wasan kaka da jika.

Na ce, "Kawu, ba saye ba na. Kowa haka shikai yanzu."

Ya ce, "Ita ta ce tana so?"

Na ce, "Ba a tambayar yaro irin wagga magana."

Ya ce, "To ni na tambaye ta. Ta ce tsoro takai. Tsoron hwaɗuwa, da tsoron ka."

Nan raina ya ɓaci, ga mutane suna kallo. Ina da saurin baki, duk wanda ya san ni ya sani, kuma ranar bakin ya kai ni inda ban so ba. Na ce, "Kawu, zamaninku ya wuce. Kai da ka yi gaskiyar, mi ta ba ka? Ni ma da ka tsaya min da ba nan nike ina shan ƙaiƙayi ba." Na faɗa, ina jin kaina ina faɗa, na kasa tsayawa. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da na ji manya suna ba da labari. Bai rama ba. Ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Aiko min ita da hantsi, kullum ban da Juma'a." Ya juya ya tafi, na bi shi in kai shi a babur ya ɗaga mini hannu.

Wata biyu tana zuwa. In na wuce ta ƙofar gidan nakan hango su a zaure, shi da tabarau a kan hanci, ita a durƙushe gaban wani tsohon allo da ya jingina da bango. Wani lokaci in ji yana faɗa, wani lokaci in ji suna dariya. Ban taɓa tsayawa ba. Nakan aika da shinkafa, ina ganin kamar ita ce ban haƙurina, ina cewa gobe zan je, gobe zan je. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi bayan an gama girbin fadama. Na iso yana kwance ba ya gane mutane, na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini, ban sani ba ko ya ji. Wannan abin yana ci mini rai har yau.

Bayan addu'ar bakwai ɗan ajinmu ya kira ya ce jibi za a rufe rajista, in ba shi amsa. Da zan so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma gaskiya kunya ce. Kwana bakwai ina zaune manyan mutane suna ba da labarin gulbi da na asibiti suna duban fuskata suna cewa, "Kai ne ɗan ƙanwarsa? Allah ya sa ka gaje shi." Da wane ido zan je? Na karɓo hotunan na mayar da ita makarantarsu ta da na yi mata rajista. Uwarta ba ta ji daɗi ba, ta ce ina wasa da rayuwar yarinya don in faranta wa wanda ke kabari. Ni ma a raina ina jin tsoron haka ne.

Ranar lissafi na rufe inji na je na zauna a ƙarƙashin bishiya a wajen makarantar, tare da wasu iyaye. Da aka tashi yara suka fito suna ihu suna tafawa, fuska duk annuri. Ita ce kusan ta ƙarshe. Na ce yaya? Ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba," ta hau bayan babur. Na ga fuskarta ba annuri irin na sauran, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Sakamako ya fito ana tsakiyar damina. Ta same ni a inji da waya a hannu, ta miƙo mini. Ta ci, ta fi bara nesa ba kusa ba, amma mataki ɗaya ya rage ta kai kiredit, kuma makarantar jinya ba ta karɓar ƙasa da shi. Kafin magariba labari ya cika unguwa, 'yan zaurensu kusan kowa ya samu, har waɗanda na san ko kuɗin cefane ba sa iya haɗawa. Na kira ta zaure na ce ta gaya mini gaskiya, yaya aka yi wata biyu a gaban Kawu, da duk karatun da ta yi bayansa, waɗannan suka wuce ta?

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ana cikin yi mai tsaro ya hita waje. Sai wani ya shigo ya rubuta amsoshi a allo."

Ashe abin da na guje wa a ƙauye ya biyo ta har gida. Na ce, "Ke kuma hwa?"

Ta ce, "Na jawo hijabina ta gehe na kare, na duƙa kan takardata."

Na ce, "Har aka tashi ba ki ɗaga kai ba?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Na ɗaga sau guda, ban sani ba. Idona ya hwaɗa kan amsar tambaya ta huɗu. Kuma na iya ta, Baba, irinta munka yi da Kaka har sau uku." Ta share fuska. "Sai na tsallake ta. In na rubuta ban san ko tawa ta ba ko ta allo."

Na buɗe baki in yi faɗa. Wallahi faɗa na yi niyya, in ce tambayar nan ɗaya wataƙila ita ce kiredit ɗin, ita ce shekara guda ta rayuwarta, wa ya gan ta, wa zai sani? Maganar ta zo har wuyana ta tsaya. Ba mai tsaro a zauren, ba uba, Kawu yana ƙasa wata biyar, yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta tsare kanta da kanta. Ni da na haife ta na san da ni ne a kujerar nan da na kwafe har da lambar shafi. Tsoro ya kama ni a gaban ɗiyar cikina, na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Na sa ka asara."

Na ce ta tashi ta shiga gida, don ban so ta ga abin da ke shirin faruwa da fuskata. Da ta kai bakin ƙofa na kira ta na ce in an buɗe rajista ta gaya mini, zan kai ta da kaina, kuma duk shekarar da za ta ɗauka ina nan. Ta ce to. Na zauna ni kaɗai a zauren na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka, ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka sauƙaƙa masa tambaya, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa kurakuransa. Ni kuma da na ce masa gaskiyarsa ba ta ba shi komai ba, ka isar masa cewa na janye.